Filin Jirgin da Kaka Take Kai Ni

Assalamu alaikum Anti mai gabatar da shiri. Sunana Hauwa, daga Maryland ta Amurka. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama.

Kusa da gidanmu akwai wani tsohon filin ƙananan jirage. Ina ƙarama, Kaka takan kai ni bakin shingen wayarsa da kunu a fulas. Duk jirgin da ya tashi sai ta ce, "Ɗaga hannu, takwara, ki ce a gaida mutanen Kano." Wallahi na daɗe ina zaton gaisuwar tana isa.

Kaka ta rasu, filin kuma an rufe shi. Ranar Asabar na je ni kaɗai. Ciyawa ta fasa kwalta, ba kowa sai tsuntsaye. Na daɗe ina kuka.

Yanzu ana ta gardama a unguwa. Wasu suna so a bar shi wurin shaƙatawa, wasu a gina gidaje. Baba yana cikin masu son gidaje. Jiya ya ce wa maƙwabcinmu, "Malam, ciyawa ce za ta rufa mana asiri? 'Ya'yana huɗu a ɗaki ɗaya!"

Ni so nake a bar shi yadda yake. Amma ƙanena Sadiƙu a falo yake kwana.

Anti, laifi ne in ji zafi? Ina gaida ƙawata Bilkisu ta Sterling. Za a yi taron unguwa ranar Laraba don ƙuri'a a kan filin. Zan zauna kusa da Baba, in ya ɗaga hannu ni ma in ɗaga.