Motar Alhaji Buba da Kunnena na Hagu

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ku ce Amin da ƙarfi don Allah, har da na kujerun baya. Yauwa! Wannan ta iso. In kun ji ina ɗaga murya fiye da kima ku yi mini haƙuri, har yau ban gama sanin ƙarfin muryata ba, kullum sai matata Maman Hannatu ta ja mini riga.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ishaya, bakanike ne ni, mutumin wani ƙauye a gefen Taura. Na zo Dutse lokacin jiha tana sabuwa, ma'aikata suna ta tahowa daga Kano da tsofaffin motocinsu. Na sami wuri a garejin Malam Haruna, nan bakin Yalwawa, kuma har gobe shi ne maigidana.

A wancan lokacin kunnena ne sana'ata. Mota tana shigowa gareji, kafin direba ya kashe ta na san ciwonta. In na kafa bakin sukundireba a jikin inji, na ɗora kunne a kan mariƙin, to an gama. Ina ji da kaina ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Sai shekarar sanƙarau ta zo. Da bazara ne, wuya ya sandare mini, daga nan ban ƙara sanin inda nake ba. Da na farfaɗo a asibiti na ga matata Saratu zaune a bakin gado da tsohon ciki, bakinta yana motsi. Na ɗauka addu'a take yi a zuci. Can sai wata nas ta saki farantin ƙarfe a ƙasa, na gan shi yana birgima har ƙarƙashin gadona, ban ji komai ba. Komai, 'yan'uwa!

Ba a daɗe ba Saratu ta haihu. Aka miƙo mini jaririya, fuskarta ta yi jawur, baki a buɗe, tana ta tsala kuka, matan unguwa suna dariya wai wannan za ta yi baki. Ni kuwa ina riƙe da ita kamar hoto. Muka sa mata suna Hannatu.

Malam Haruna bai kore ni ba, Allah ya saka masa. Amma me kurma zai yi a gareji? Na koma wanke notika a cikin fetur da miƙa sifana. Kullum in fita da safe, in dawo da yamma hannu baƙi. Majami'a kuwa na daina zuwa. In na zauna ina kallon bakuna suna buɗewa suna rufewa, zumuntar mata suna kaɗa tulu da caki, ni ba na jin ko ɗigo, sai zuciyata ta yi ta tafasa. Na yi fushi da Allah, fushi na gaske.

Amma ba waƙa ce ta fi ci mini rai ba, ba ƙarar inji ba kuma. Muryar yarinyar nan ce. Muryar Saratu na san ta, tana ajiye a kaina. Ta mahaifiyata ma, da ta daɗe da rasuwa, ina iya tuno ta. Amma 'yata ta cikina, ban san ko siririyar murya gare ta ko mai kauri ba. In ta yi barcin rana nakan ɗora tafin hannu a bayanta in ji numfashi. In tana wasa tana waƙa sai in ɗauke ta in manna ta a ƙirjina, ko zan ji motsin sautin, yadda nake taɓa bonet in gane inji yana aiki. Da ta fara wayo sai ta gane babanta ba ya ji. In ta zo gabana sai ta rufe baki, ta taɓa mini gwiwa, ta nuna abin da take so da yatsa. Da kowa tana surutu, da ni sai hannu. Wayyo, wannan abu ya yi mini ciwo!

Haka muka zauna har shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Kun tuna yadda zukata suke a lokacin, bayan abin da ya faru a Kaduna. A unguwarmu babu wanda ya taɓa mu, maƙwabtanmu ma har gida suka zo suka ce mu kwantar da hankali. Duk da haka mutane da yawa sun kwashe iyali sun tafi. Sai ga yayan Saratu ya zo daga garinsu, can wajen Biliri. Ya zauna a gabana yana magana a hankali don in karanta bakinsa, kuma na karanta sarai. Ya ce, "Ishaya, ba ƙinka nake yi ba. Amma in wani abu ya tashi, ko ƙofa aka buga ba za ka ji ba. Bayan Kirsimeti zan dawo in tafi da Saratu da yarinyar, sai ƙasa ta lafa."

Gaskiya ya faɗa. Na sunkuyar da kai kawai. Abin da ke yawo a raina shi ne, za a tafi da ita, ta girma a can, muryar ƙuruciyarta ta wuce ban taɓa jin ta ba.

Ana cikin haka aka jawo wata mota garejinmu. 'Yar Kwatano ce, otomatik, irin wadda ba ta da kuloci, ita take canja giya da kanta. Mai ita Alhaji Buba ne, wani Bafulatani dillalin shanu daga Aujara, dogo, mai yawan murmushi. In an tashe ta sai ta fizga, ta maƙale a giya ɗaya, inji yana ta wahala ita kuwa tana rarrafe. Wanda ya saba duba mana irin waɗannan motoci wani ɗan Ibo ne mai aikin waya, shi ma ya tafi gida, ya bar wa Malam Haruna akwatin kayan aikinsa amana. Kowa ya kafa kunne a jikin giyabos ya saurara, aka ce ya mutu, gobe a sauke shi.

Da azahar suka tafi masallaci, aka bar ni gadin gareji. Rana ta yi zafi, na shiga motar na zauna a kujerar direba. Ban san lokacin da na kifa goshi a kan sitiyari ba. Rabona da addu'a har na manta, amma ranar bakina ya buɗe. Na ce, "Ya Yesu, kai ka sa yatsa a kunnen kurma ya ji. Ni ban ce ka mayar mini da sana'a ba, ban ce ka mayar mini da waƙa ba. Muryar yarinyar nan kawai, sau ɗaya, kafin su tafi da ita. In ma ba za ka ba ni ba, to ka riƙe ni, don na gaji." Na yi kuka kamar ba magidanci ba.

Da na ɗago, ashe an bar makulli a kunne. A gaban idona, a jikin dashbod, wata 'yar koriyar fitila tana ƙiftawa. Ta ƙifta, ta tsaya, ta sāke. Ɗazu kowa yana can ƙasa yana sauraro, babu wanda ya zauna ya kalle ta. Sai na tuna na sha ganin ɗan Ibon nan yana zura wa irin wannan fitila ido kafin ya taɓa komai. Ya taɓa rubuta mini a ƙasa da yatsa cewa motocin nan suna da ƙwaƙwalwa, in wani abu ya dame su da fitila suke faɗa.

Na fito na zaro sandar man giya. Man ja ne garau kamar zoɓo. Na shinshina, babu ƙauri. Na murza a yatsa, babu garin ƙarfe. Haba, giyabos ɗin da ya ƙone ba haka mansa yake ba! Da Malam Haruna ya dawo na tare shi na ce, "Maigida, kada a sauke shi tukuna. A buɗe mini akwatin nan." Ya dube ni, ya dubi motar, ya miƙo mini makullin akwatin.

A ciki akwai agogon awon ƙarfin mai. Na ɗaura shi a jikin giyabos, Maigida ya tayar da mota yana sa giya, ni ina kwance a ƙasa ina kallon allura. Allura ta tashi cak, ta tsaya inda ya kamata. Wato mai yana da ƙarfinsa, ƙwaƙwalwar ce ake gaya wa ƙarya. To wa ke gaya mata? Na bi wayoyi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, har na iso kan wani ɗan abu kamar filogi, wanda ake kira sensa, shi ne yake auna ƙarfin man ya kai wa ƙwaƙwalwa labari. Na cire soket ɗinsa, sai ga mai ya tsiyayo ta ciki, bakin wayar ya yi kore. Na gwada shi da mita, ko motsi. Ɗan abin da bai kai babban yatsana ba!

Maigida ya aika kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano aka samo wani. Na wanke soket, na ɗaura. Muka hau hanyar Kiyawa gwaji, Alhaji Buba yana tuƙi, ni a gefensa na dafa dashbod da tafin hannu. A hannuna na ji ta shiga giya ta biyu, ta shiga ta uku, sumul, fitila ta daina ƙiftawa. Alhaji yana ta dariya yana dukan sitiyari.

A hanyar dawowa wata tirela ta wuce mu. Sai Alhaji ya gangara gefen titi ya tsaya. Ya juyo da fuskata wajensa, ya yi magana a hankali. "Malam Ishaya, mai tirelar nan ya danna ham, na ga ka karkata kai. Ni a cikin shanu na tashi, na san dabbar da ba ta ji sam, na san mai ji kaɗan. Kunnenka na hagu bai mutu ba." Na ce, "Alhaji, ai an gama magana tun a asibiti." Ya ce, "Motata ma an gama magana. Yayana akwai abin da aka sa masa a kunne a Kano. Ran Litinin ka shirya."

A cikin wannan motar ya kai ni. Musulmi, ba dangina ba, ba ɗan garinmu ba, ya zauna a benci tare da ni har aka kira mu. Aka gwada, aka ce na dama ya tafi, na hagu akwai saura. Muka yi ta zarya, ranar ƙarshe suka maƙala mini wannan abin da kuke gani. Kada in yi muku ƙarya, ba irin jin da ba ne. Kamar rediyo ne mai raunin batir, da shuu a ciki. Amma na ji likita ya ce, "Kana ji na?" Na ce, "Ina ji!" har mutanen waje suka leƙo.

Da la'asar Alhaji ya sauke ni a bakin layinmu. Na taho a ƙasa. Ina jin awaki, ina jin injin markaɗe, ina jin takalmina. Ina tunanin yadda zan lallashi Hannatu ta buɗe baki a gabana, yarinyar da ta saba yi mini shiru. Ban kai ƙofar gida ba sai na ji wata 'yar murya daga ciki, mai ɗan kauri, shaƙaƙƙiya, sak ta mahaifiyata.

"Oyoyo Baba! Oyoyo Baba! Mama, Baba ya dawo!"

Na tsaya cak. Ta fito da gudu, tana isowa gabana ta rufe baki kamar kullum, ta taɓa mini gwiwa. Na durƙusa a ƙasa na rungume ta. Saratu ta fito da ludayi a hannu. Na ce, "Maman Hannatu, ke kika gaya mata yau zan ji?"

Saratu ta ce, "Ban gaya mata komai ba. Ai kullum haka take yi. Tana hango ka ta ramin katanga take fara ihu, tun ranar da ta iya magana."

Kullum, 'yan'uwa. Duk yammacin da na shigo gida da baƙin rai ina cewa 'yata ba ta yi mini magana, ashe da sunana a bakinta na shigo. Na zauna a ƙofar gida na yi ta kuka, ita kuma tana share mini fuska da hannu tana tambayar uwarta wa ya doki Baba.

Bayan Kirsimeti yayan Saratu ya zo kamar yadda ya ce. Ya buga ƙofa, daga ciki na ce, "Wane ne?" Ya sāke bugawa, na ce, "Yaya, in kai ne ka shigo mana, ƙofar ba ta yi maka laifi ba." Ya kwana biyu ya koma shi kaɗai.

Ga Hannatu can a layin 'yan kwaya, ta sunkuyar da kai, kunya take ji. Ga Saratu, da ta riƙe gida shekarun nan ba ta taɓa juya mini baya tana magana ba. Na gode wa Allah saboda su, saboda Malam Haruna, saboda Alhaji Buba. Na gode wa Yesu da ya ji ni a cikin motar mutane, ranar da ni kaina ba na jin abin da bakina yake faɗa.

In akwai wanda ya zo yau yana ganin sama ta yi masa shiru, ɗan'uwana, kada ka tashi daga wurin addu'a. Ni ma na rantse babu mai kirana, alhali kowace yamma ana kirana. Ka dogara gare shi. Yabo ya tabbata ga sunansa. Ku ce Amin, ina sauraro.