Takardar da Ta Kwana a Cikin Kwalla

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaban wannan zama, wakilan masu martaba sarakunanmu, hakimai da dagatai da arɗo-arɗo, malamanmu na zaure da na aji, iyayenmu mata da suka cika ɓangaren hagu na wannan ɗaki har wasu suna tsaye, 'yan uwana ma'aikatan jarida da na rediyo, jama'ar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, da waɗanda suka yi sammako daga Moriki da Dauran duk da halin da hanya take ciki, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Bayan haka ina gode wa duk gidan da ya buɗe mana ƙofa, da duk wanda ya buɗe mana adaka, domin buɗe adaka ya fi buɗe ƙofa wuya. Ina gode wa Malama Zulaihat, ma'aikaciyar ɗakin karatu, wadda ta shekara biyu tana ɗora tsofaffin takardu a kan na'urar ɗaukar hoto, shafi bayan shafi, ran da akwai wuta da ran da sai an jira rana ta cika batirin sola.

Maganata uku ce. Zan faɗi abin da muka taru a kansa, zan faɗi kuskuren da muka yi da wadda ta gyara mana shi, sannan in roƙe ku abu ɗaya.

Ta farko. Matasan da ke nan da yawa ba su taɓa jin sunan Muryar Gagare ba. Jarida ce da marigayi Malam Armiya'u Moriki, malamin firamare, ya kafa a 1981 a wani ɗaki bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, da tafireta ɗaya da injin kwafi irin na murzawa da hannu. Duk mako biyu take fita, in an sami tawada. Ta tsaya a 1996 bayan fitowa ɗari uku da goma sha biyu. Ganye biyu ce kawai, an haɗa su da ƙarfe a kusurwa. Ganyen gaba na labarai ne da boko. Ganyen baya kuwa, fuska ɗaya farashin gero da dawa da shanu, ɗaya fuskar ajami ce da Malam yake rubutawa da hannunsa: haihuwa, ɗaurin aure, rasuwa, da addu'a.

Ba babbar jarida ba ce, kuma ba za mu yi mata ƙarya don ta mutu ba. Tana da kurakurai, wasu ma ni na yi su, don na yi mata aikin ɗauko labari shekara tara. Amma ita ce kaɗai ta rubuta ranar da gulbin Gagare ya cika ya cinye gonakin bakinsa, ita ce kaɗai ta rubuta sunan yarinyar farko da ta gama sakandare a ƙauyensu, ita ce kaɗai ta san nawa aka sayar da bijimi a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ɗin da ta gabaci Layya. Manyan jaridu suna zuwa mana ne in an yi mutuwa da yawa. Wannan kuwa tana nan ran da ba a yi komai ba sai rayuwa.

Da Malam ya rasu, iyalinsa suka buɗe ɗakin da ya tara kwafinsa, suka tarar gara ta riga su. Abin da ya saura bai cika faifai ba. Saboda haka muka ce mu bi gari gari, ko Allah zai sa wani ya ajiye.

Ta biyu, wato kuskurenmu. Mun zauna mu bakwai, duk maza in ban da Malama Zulaihat da muka bari a gaban na'ura, muka tsara inda za mu. Muka ce jarida ta masu karatu ce, masu karatu kuwa suna majalisa, suna zauren malam, suna gidan dagaci. Muka bi su wata takwas. Muka samu, kuma da yawa: ganye ɗari biyu da tamanin. Sai dai kusan duka ganyen baya ne. Na gaba goma sha tara kacal muka samu.

Dalilin kun san shi, don tarbiyyarku ce. Mutumin ƙasar nan ba ya yar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah. Da an gama karanta jarida a majalisa, sai maigida ya cire ganyen ajami ya sa a gafaka, ko ya soke shi a rufin ɗaki, na bokon kuma ya bar shi a kan tabarma. Mu a lissafinmu, daga tabarma sai wurin mai tsire da mai ƙosai. Har na rubuta a rahoton farko, da hannuna, cewa labaran Muryar Gagare sun ɓace, abin da ya rage farashin kasuwa ne da sanarwa.

A nan Hajiya Kulsumu ta shigo maganar. Ga ta can a layin gaba, ta hana ni ambaton sunanta, ni kuma na gaya mata yau ba zan ji maganarta ba. Hajiya mutuniyar Tungar Namadi ce, wani ƙauye a yankin Dauran. Shekara huɗu ke nan da mutanensa suka watse saboda abin da duk muka sani, ita ta zo Ƙaura da jikokinta shida. Da aka zo tattara sunayen garuruwan da za a taimaka wa su koma in hanya ta yi kyau, sai aka ce ba a ga Tungar Namadi a kowace takarda ba, wataƙila bukkokin noma ne na damina. Masu rubutun ba mugunta suka yi ba, yara ne, abin da ke gabansu suka duba. Amma garin da bai shiga jerin ba, ba mai zancen komawarsa.

Hajiya ba ta karatun boko, amma ta tuna cewa ranar da aka buɗe rijiyar garinsu jarida ta buga labarin a shafin farko, da sunayen magidantan da suka haƙa ta, kuma an karanta musu a bakin rijiyar. Ni ma na tuna, don ni na je a kan keke. Sai dai tunanin tsohon ɗan jarida ba takarda ba ne. Duk ranar Talata, ranar da muke karɓar takardu, sai ta zo ta zauna a bakin ƙofa ta tambaya ko an samu na rijiya. Duk ranar Talata mu ce ba a samu ba.

Ran nan na ga ya kamata in gaya mata gaskiya, kada ta riƙa wahalar da ƙafarta. Na yi mata bayanin ganyen gaba da ganyen baya, na kawo zancen mai tsire da mai ƙosai. Ta saurara har na gama, sannan ta ce:

"Ɗana, gidaje nawa kunka shiga?"

Na ce sun fi ɗari biyu.

Ta ce, "Zaure kunka shiga, ba gida ba. Wa ya ce maka namiji ka ajiya? Shi dai ya aje inda za a ɗauke masa."

Sai ta juya ga Malama Zulaihat ta tambaye ta, da aka yi wa mahaifiyarta jere, me aka sa tsakanin kwano da kwano don kada fenti ya ɓare. Malama ta dafe baki. Jama'a, ganyen da maigida ya bari a kan tabarma bai kai wurin mai ƙosai ba, ko ya kai, ba duka ba. Uwargida ce take ɗauke shi, ta ninke, ta shimfiɗa a gindin kwalla, ta sa tsakanin samira da samira, ta rufe. Kayan jere kuwa ba a taɓa su sai da dalili. Ba rana, ba ruwa, ba gara. Mun yi wata takwas muna neman abin da ke bayan labule, taku goma daga inda muke shan ruwa. An ce rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa na ƙara da cewa wanda yake ganin ya sani ya fi shiga duhun.

Daga nan aiki ya koma hannun mata, mu muka koma riƙe jaka a ƙofar gida. Malama Zulaihat da Hajiya suka bi ɗaki ɗaki. Ba ko'ina aka yi musu maraba da sauri ba. Wata tsohuwa a Moriki ta ce ita ba a sauke mata jere ba tun rasuwar mijinta, kuma ba za a fara a kan jarida ba. Sai da suka koma sau uku, a na ukun ta sauke da kanta, ta kuma tsaya a kansu har aka mayar da kowane kwano inda yake. A cikin wata biyar suka tara ganyen gaba ɗari biyu da talatin da ɗaya. Da aka haɗa na maza da na mata, yau muna da fitowa ɗari biyu da arba'in da ɗaya cikakku, gaba da baya. Ko jaridun birni ba kowace ce za ta nuna irin wannan ba, kuma ba wata hukuma ta adana mana ba. Gafakar ubanninmu da kwallar iyayenmu mata ne suka adana.

Mun ɗauki hoton kowane shafi yadda muka same shi. Ba mu goge zoben tsatsa da gindin kwano ya bari ba, ba mu gyara kurakuranmu na da ba, kuma a ƙarƙashin kowane shafi mun rubuta sunan wanda ya ajiye shi da garinsu. Kowa an mayar masa da takardarsa. Hotunan suna cikin kwamfuta a nan, akwai kwafi a Shinkafi, akwai a Zurmi, akwai a intanet, domin mun koyi darasin ɗakin Malam Armiya'u: abin da aka ajiye wuri ɗaya rabon gara ne. Wanda yake so a wayarsa, ya zo da katinsa a zuba masa kyauta.

Ta uku, roƙona. Fitowa saba'in da ɗaya ba su cika ba. Iyayenmu mata, ku duba kwalla. 'Yan mata masu gadon kayan kaka, kafin ku sayar wa mai gwangwan, ku ɗaga kwanon ƙasa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na san kuna jira ku ji labarin rijiya. An same shi a Shinkafi, a ɗakin wata baiwar Allah mai suna Saude, 'yar Tungar Namadi da aka kai aure can a shekarar da aka haƙa rijiyar. Mahaifiyarta ce ta sa takardar a gindin kwallarta. Fitowa ta tamanin da bakwai, watan Afrilu na 1985, magidanta arba'in da ɗaya. An kai hoton shafin ga masu tattara sunaye, sun duba, kuma makon jiya sun rubuta Tungar Namadi a jerinsu. Ban ce an koma ba. Ranar komawa tana hannun Allah. Da muka gaya wa Hajiya, abin da ta ce shi ne, ba ta san ko rijiyar na da ruwa yanzu ba, amma a karanta wa jikokinta sunayen da ƙarfi, yadda aka karanta musu a wancan karon.

To, Hajiya, ga shi a bango, kowa yana gani. Namadi mai gari. Usmanu Dogo. Hassan Maƙeri. Arɗo Jaɓɓi, wanda jarida ta ce shi ya ba da shanun da suka jawo ƙasa. Abbati na Laila. Ku lura, manomi da makiyayi a layi ɗaya, igiya ɗaya suka riƙe. Na shida kuwa Mubashir ɗan Namadi, wanda ya fara shiga ramin. Ku shida da ke zaune kusa da Hajiya, kakanku ke nan. Sauran talatin da biyar Malama Zulaihat za ta karanta su da zarar na sauka, ina roƙon kada kowa ya tashi sai ta kai na ƙarshe.

Allah ya jiƙan Malam Armiya'u da duk waɗanda sunayensu ke cikin waɗannan shafuka. Allah ya saka wa waɗanda suka ajiye da alheri. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa garinsu, ya sa mutanen Tungar Namadi su sake zura guga a rijiyarsu. Allah ya kai kowa gida lafiya.

Na gode.