Ƙulli Shida a Jikin Kaba

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ni ce Saratu, daga ƙauyenmu na bayan Toranke. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne surukata Rifkatu tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Ranar da abin ya faru mu biyar ne a gonar gyaɗa: ni, da Rifkatu, da Ladi ƙanwar marigayi maigidana, da maƙwabcinmu Malam Sani da ya zo kwasar buhuna a a-daidaita-sahunsa, sai ɗana na fari, mijin Rifkatu. Kun san ba ma kiran sunan ɗan fari. Shekara arba'in da uku ban kira nasa ba, ban zauna hira da shi ba, ko "ya jiki" ban taɓa ce masa ba. Haka na taras, haka na riƙe, har ina alfahari.

A Kano yake aiki. Ya yi ƙiba, ya aje tumbi, wuya ya yi gwaɓi. Ni kuwa in na hango shi yana fitowa daga mota da kyar sai in ji sanyi a raina, in ce yaron nan ya samu lafiya.

Sai bara ya fara zuwa gida da wata doguwar jaka cike da sandunan ƙarfe. Wai wasa ne, ƙwallon lambu, su suna ce masa golf. 'Yar farar ƙwallo ce kamar ƙwan zabuwa. Ya buge ta, ta tafi can, ya bi ta a ƙafa, ya sake bugewa, har ta faɗa wani ɗan rami. Ladi ta ce, "Yaya, ɗanki ya girma ya koma kiwon ƙwai." Ban yi dariya ba. Ni wuyan rigarsa nake kallo, ya fara yi masa yawa.

Akwai wani tsohon wando da yake barinsa a gida don shiga gona, ni nake wanke shi. In mutum ya ɗaure mazagi, wurin ɗaurin yana barin alama. Na ga alamar ta matsa. Na yanko kaba, na gwada, na yi ƙulli. Bayan mako uku ya dawo, na sake gwadawa. Ta ƙara matsawa. Ƙulli na biyu.

'Yan'uwa, ku ji abin da ya hana ni sukuni. Haka na yi wa babansa. Ciwo ya riƙa cinsa yana ramewa, ina gwada mazaginsa da kaba ina ƙullawa. A ƙulli na bakwai muka binne shi.

Daga nan ban ƙara zama wuri ɗaya ba. In ɗora tukunya in manta. In shiga sujada, ana waƙa, ni ina lissafin ƙulli. Na uku. Na huɗu. Na je kasuwar Ajingi ranar da ba ni da abin saya, don dai ƙafata ta samu abin yi. Tambaya ɗaya ce za ta raba ni da wannan wahala, amma yaya zan dubi ɗan fari in ce me ke damunka? Rifkatu ma ban tambaye ta ba. Zarginta nake yi a zuci, na ce 'yar boko ce, ganye take ba shi kamar akuya. Rubuta, Rifkatu, kada ki tsallake.

Sai na ɗauki yaƙin da kaina. Duk zuwansa, kunun gyaɗa da sukari har cokali ya tsaya, fura da zuma, tuwo yana iyo cikin man shanu. In aje in juya baya. Shi kuma kunya ba za ta bar shi ya mayar wa uwarsa kwano ba. Ya cinye. Ni da shi, kowa ya yi shiru, kowa yana ganin ladabi yake yi.

Da ya zo hutun cirar gyaɗa na gwada, ƙulli na shida. Hankalina ya tashi. Kwana tara ina ɗura masa. A na goma, yana tsaye a gona da sandarsa, sai ya ce, "Rifkatu, ba na gani sosai." Ya nemi ruwa, ya zauna daɓas, ya kife.

Wayyo Allah! Rifkatu ta soka masa wani ɗan abin gwajin jini a yatsa, ta duba, ta ɗora hannu a ka. "Baban Murna, me kake ci? Sukarinka ya haura!"

Malam Sani ya watsar da buhunan, ya ce, "Ku kama mini ƙafafunsa, gyaɗa ta jira." Allah ya saka wa bawan Allahn nan. Muka nufi asibiti a Gaya.

A hanya, kansa a cinyata, na buɗe baki zan yi addu'a. Na ce, "Ubangiji, ka ceci yaron nan." Sai na ji a zuciyata kamar ana tambayata, wane yaro? Kin zo gaban Uban da ya san kowa da sunansa, kina masa kara? Na fashe da kuka, na ɗaga murya: "Yesu, ka ceci Yohanna! Yohanna nawa!"

Ya buɗe ido. Ya ce, "Na'am, Inna."

Haleluya!

A barandar asibiti Rifkatu ta warware mini komai. Likita ne ya ce yana da ciwon sukari da hawan jini, in bai rage tumbin ba ba zai ga auren 'yarsa Murna ba. Shi ya sa ya shiga wasan, don tafiyar ƙafa. Da farko a filin wasan rami uku yake zagawa ya hau haki, yanzu yana gama sha takwas. Ramar da nake kuka a kai, ita ce maganin.

Na ciro kabar daga bakin zanina, na faɗi abin da na aikata. Ladi ta ce, "To, likitar Toranke, kin kusa ƙulla na bakwai da hannunki." Gaskiya ta faɗa. Rifkatu kuwa ta juya kabar ta ce, "Inna, ai abin da likita ya ce mu riƙa yi ke nan. Ya ce sikeli yakan ruɗi mutum, awon ciki ya fi faɗin gaskiya."

Kwana huɗu aka sallame shi. Na gode wa Ubangiji da ya ceci ɗana daga ciwo, ya cece shi daga kwanona, ni kuma ya cece ni daga tsoro da shirun da na ɗauka mutunci ne. Iyaye mata, ku dogara ga Yesu, ku kai masa 'ya'yanku da sunayensu. In kun ga abin da ya tsorata ku, ku buɗe baki ku tambaya.

Washegarin dawowarmu da safe na dafa zogale, ban sa sukari a komai ba. Na yanko sabuwar kaba, na tsaya a tsakar gida na ce, "Yohanna, zo nan. Ɗaga hannunka." Na zagaya cikinsa da ita da hannuna, na ƙulla. Na ce masa wannan shi ne na ɗaya. Sannan na ɗauki mayafina na ce ya ɗauko sandarsa, mu je in ga inda ƙwan nan yake faɗawa.