Awaki Sun Riga Ni Ɗanɗanar Alayyahuna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni malamar firamare ce, daga wani ƙauye kusa da Tofa.

Da ruwan farko ya sauka bana, na gyara bayan ɗakina, na shuka alayyahu da kuɓewa da yakuwa. Maƙwabciyata Inna Lami ta leƙo ta ce, "Malama, ki dakata, mai unguwa bai yi shelar ɗaure dabbobi ba tukuna." Na ce ai na yi danga. Malam, dangar kara ce fa! Rannan na dawo daga makaranta na tarar awakin Inna Lami sun ture ta, sun cinye shukar tas.

Wallahi sai da na yi hawaye. Amma yanzu an yi shela, na sake shuka, na kewaye da ƙaya. Saura mako biyu mu tafi dogon hutu, kuma in sha Allahu a lambun nan zan yi shi. Masu sauraro, ban da toka, me ke korar tsutsa daga kuɓewa?

A gaishe min da Inna Lami. Ta tanadi kwano, miyar farko tata ce. Awakinta dai sun riga sun karɓi rabonsu.