Madubin Babur ɗina a Bangon Hajara

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni manomi ne daga Maruda.

Makon jiya masu duba lafiyar ababen hawa suka tsayar da tsohon babur ɗina a hanyar Kalgo. Jami'in ya ce, "Baba, birki ba ya kamawa, tayar baya ta cinye, sigina ta mutu. Madubi kuma ina yake? Sai ka gyara za ka sake hawa."

Kun san al'adarmu, ranar da aka sayi babur ake kwance madubi. Nawa yana bangon ɗakin matata Hajara tun tana amarya, da shi take sa kwalli. Bakanike ya gyara sauran, na zo karɓar madubi. Ta ciro shi, ta ce, "Ɗauki, Malam, amma fuskata tana ciki."

Wallahi gaskiya ta faɗa. In na duba, gonakin shinkafa suna ja da baya, sai in gan ta zaune bayana kamar da, mayafinta yana kaɗawa.

'Yan'uwa masu babur, ku mayar da madubinku. Hajara kuwa, ki shirya, ranar Juma'a ke zan goya.