Fegin Tsohuwar Bengu

A bencin biron magajin garin Gaya, wato ofishinsa, Yazidu mai sayar da taya yana ta fifita da takardar kuɗin gyaran titi. Wata dattijuwa ta zauna gefensa.

"Hajiya, kin ga zalunci? Wai jika ɗari uku na sefa ne rabona na zuba kwalta! Titin ubana ne?"

"Ai da faɗin gaban gida suke yanka wa kowa, Malam. Naka filin ƙwallo ne?"

"Ina fa! Da masu awo suka zo, na ɗauka rusau za a yi a biya diyya. Sai na haɗa da fegin da ke jikin gidana, na ce duk nawa ne."

"Mai fegin fa?"

"Wata tsohuwa ce can Bengu. Ko tana raye ma, oho."

"Fegin nan mai tsamiya, bayan tasha?"

Yazidu ya daina fifita.

"Tana raye, har ta biyo mota ta zo jin abin da ya hana a aiko mata tata takardar. Ashe ɗan albarka na samu. Shiga ka biya mana, ɗana. Ina nan ina jiranka mu wuce wurin alƙali."