Ƙarfe a Kafaɗar Inna

A tashar motar Anka, wata mata riƙe da hoton ƙashi ta zauna kusa da wani dattijo makiyayi. Ya leƙa hoton.

"Ɗiyata, wa ya karye?"

"Innata ce, Baba. Ta faɗi bakin rijiya, damtsenta ya karye dab da kafaɗa. Likita ya ce ɗori ba zai yi ba, sai an tsaga an sa ƙarfe da kusoshi."

"Irin nawa ke nan! Saniya ta ture ni bara waccan." Ya ɗaga hannu sama. "Kin gani? Har sandata nake saɓawa."

"Ƙarfen na ciki har yanzu?"

"Yana nan."

"Bai narkewa ya shiga jini?"

"Wallahi ban tambaya ba."

"Mu 'yan Dareta ne, Baba. Likitoci sunka ce dalma da ke cikin ƙasar garinmu ta shiga jinin yaranmu, wai ƙarfe ce, ita ta kashe su. Shekara nawa ana ba da magani don a fidda ta. Yanzu kuma a sa wa Inna ƙarfe da hannu?"

"Ai kowane ƙarfe da irin nashi, ina ji."

"Haka likitan ya ce. Wai wanga bai da lahani. Sau uku ya maimaita."

"To mi ya hana ki yarda?"

"Ƙasar da ɗana Hamisu ya yi ta wasa cikinta kafin ya rasu, ita ma da ido ba ta da lahani."

Dattijon ya sauke hannunsa a hankali, ya dafe kafaɗarsa.